Murɗewar gidan ƙwai ga ƙananan yara mata: ciwon cikin da ba ya jira

In ɗiya ta kama ciki tana kuka, yawanci sai mu ce tsutsar ciki ce ko masassara. Amma akwai wani ciwo da ba a cika sani ba, wato murɗewar gidan ƙwai.

Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu a mara, dama da hagu. Wani lokaci ɗaya yakan juya ya murɗe jijiyoyin da ke kai masa jini. Sai ya kumbura, in an daɗe kuma ya mutu. Ba sai budurwa ba, har jaririya yana kamawa. Wani sa'in ƙari ne ko ƙullin ruwa ke ƙara masa nauyi, wani sa'in kuwa lafiyarsa ƙalau ya murɗe. Ya fi faruwa a dama, shi ya sa ake rikita shi da apandisit.

Alamunsa su ne ciwo farat ɗaya a gefe guda na mara, da amai. Jaririya kuma ta yi ta tsala kuka, ta ƙi nono. Ciwon yakan lafa ya dawo, kada lafawar ta ruɗe ku.

A asibiti, lokotoro zai duba cikin, ya sa a yi hoton eko. Hoton yana taimakawa, amma aikin tiyata ne ke tabbatarwa, shi ne kuma maganin. Ana warware murɗin a bar gidan ƙwan a wurinsa, ko da ya yi baƙi, don sau da yawa yana farfaɗowa. In ma an cire, ɗayan ya isa a haihu.

To me za a yi? Kada a ba ta jiƙo ko ƙwayoyin bakin titi, kada a matsa cikin, a dakata da abinci. Ko kuna Matankari, Dumega ko Kore Mai Ruwa, ku nufi likita mafi kusa nan take, ko da dare ne. In an tura ku asibitin Dogon Dutsi, ko Doso, ko Yamai, kada ku ce sai gobe. Tun 2006 doka ta sa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar.

Allah ya ba yaranmu lafiya, amin.