"Nawa" ɗaya, Ingilishi ya raba ta biyu: darasi daga wani aji a Malanville

Babu kalmar da ta kai "nawa" yawo a kasuwar Malanville. Buhun albasa nawa? Shinkafa mudu nawa? Garin yana bakin kogin Neja a arewacin Jamhuriyar Benin, yana kallon Gaya ta Nijar a ɗaya gaɓar, kuma yaron da ya tashi a nan yana jin Dendi da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci tun bai shiga lakwal ba. Faransanci ya same shi a firamare. Ingilishi kuwa yawancinsu sai sun shiga ajin farko na kwaleji, wanda muke kira siziyam. A wannan ajin nake koyarwa, kuma duk shekara akwai darasin da ke tsaya wa yara a wuya: sunayen da ake ƙirgawa da waɗanda ba a ƙirgawa.

Tushen matsalar yana cikin tambayar kanta. Bahaushe da "nawa" yake tambayar adadin awaki, da ita yake tambayar kuɗin mai. Bazabarme yana da "marge", Bafaranshe yana da "combien". Sai Ingilishi ya zo ya ce a'a, akwai "how many" akwai "how much", kuma dole ka san wace za ka ɗauka kafin ka buɗe baki. Haka "da yawa" ta rabu zuwa "many" da "much". Yaro mai harsuna uku ko huɗu a baki, babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa neman wannan daga gare shi.

Ƙa'idar da ke cikin littafi mai sauƙi ce: abin da za ka iya ƙirgawa "countable" ne, wanda ba za ka iya ba "uncountable". A ganina wannan ƙa'ida ba ta kai mako guda a garin 'yan kasuwa. Ka ce wa ɗan mai shago "money" ba ya ƙirguwa, zai dube ka kamar ka zautu. Yaron da yake mayar da dala ashirin zuwa sefa 100 a kansa, yake sanin jika nawa ke cikin aljihun babansa da yamma, shi za ka gaya wa kuɗi ba sa ƙirguwa? Balle a Hausa kalmar "kuɗi" asalinta jam'in "wuri" ce, tun zamanin da ake zube su a ƙasa ana ƙirgawa, har muka ƙara mata wani jam'in muka ce kuɗaɗe.

Wata yarinya da mahaifiyarta ke sayar da hatsi ta taɓa ɗaga hannu ta ce: "Mushe, wake da shinkafa duk da mudu ɗaya innata ke auna su. Me ya sa wake 'beans' ne da 's', shinkafa kuma 'rice' kawai?" Amsar gaskiya ita ce babu wani dalili a cikin mudun. Haka masu harshen suka raba. Gyaɗa, wadda mu ba ma cewa gyaɗa uku sai dai ƙwaya uku, a wurinsu "groundnuts" ce. Gero da masara kuwa suna gefen shinkafa. Wato abin da ake rarrabewa kalma ce, kuma kowane harshe da inda ya ja layinsa. Da yara suka ji haka daga bakin malami, sai su daina wahalar da kansu da neman hikimar da ba ta nan.

Shi ya sa ba na fara darasin da sunayen nahawu. Ina farawa da ma'auni. Nakan shigo aji da mudu, da kwalbar mai ta lita ɗaya, da buhu marar komai, da burodi guda. Yaran sun san waɗannan fiye da ni. Abin da suke koya shi ne magana a dunƙule, ba kalma tsirara ba: "a bag of rice", "a bowl of millet", "a litre of oil", "a loaf of bread". Sai a raba su biyu-biyu, ɗaya mai saye ɗaya mai sayarwa. In mai saye ya ce "how many rice", mai sayarwa ba zai ba shi komai ba sai ya gyara: ko dai "how much rice", ko "how many bags". A nan suke gane cewa buhun ake ƙirgawa, shinkafar aunawa ake yi, kuma Hausa ma haka take yi in ta ce shinkafa buhu biyu. Hayaniya kam akwai ta, aji mai cunkoso ba ya yin kasuwa a shiru, amma jimlar tana zama a kai.

'Ya'yan masunta su suka fi jin daɗin "fish". Kifi biyu a cikin koma "two fish" ne, wanda ke cikin miya kuma "some fish". Kaza mai yawo a tsakar gida "a chicken", namanta a faranti "some chicken".

Inda abin ya fi ciwo shi ne kalmomin da Faransanci ya riga ya shuka musu jam'i. Shekara shida yaro yana rubuta "des informations", "des conseils", "des meubles", "des bagages", "les devoirs", "les cheveux", malamin firamare yana yaba masa in ya tuna alamar jam'i. Yau a ce masa "information", "advice", "furniture", "luggage", "homework" da "hair" duk su zauna babu "s". Hausa ma ba ta cece shi ba, domin muna da shawarwari da bayanai da labarai, alhali Bature "the news is good" yake cewa, da aikatau na tilo. Waɗannan mudu ba ya maganinsu. Na rubuta su a babban kwali na manna a bango, Faransanci a hagu, Ingilishi a dama, kuma kwalin ba ya sauka sai ƙarshen shekara. Duk Litinin mukan ɗauki biyu mu sa su a jimla, tare da "a piece of", wadda ke yi musu aikin da "ƙwaya" ke yi wa shinkafa.

Sai kuma maƙwabta. Najeriya ba ta da nisa da mu, Kamba ta jihar Kebbi tana nan gaba da Gaya kaɗan, kuma Ingilishin da yaranmu suka fi ji a kunne na fatake ne da finafinan Najeriya, inda "advices" da "equipments" ke yawo ba mai tsayar da su. Wani uba, ɗan kasuwar albasa, ya ce mini: "Malam, ni da wannan Turancin nake ciniki har Legas, ba wanda ya taɓa mayar mini da kaya saboda 's'." Gaskiyarsa. Tun da aka rufe gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, kaya suka koma bin kwale-kwale, iyaye da dama a ajina suka ƙara mayar da ido ga Najeriya, suna son yaro ya yi saurin iya Ingilishin ciniki. Na ce masa: "Alhaji, a kasuwa ba laifi ba ne. Amma bayan shekara huɗu ɗanka zai zauna jarrabawar BEPC, kuma mai gyaran takarda da jan biro yake zama." Ba na cewa yaro Turancin babansa ɓatacce ne. Nakan ce akwai na baki akwai na takarda, kamar yadda ba ya rubuta wa darakta wasiƙa da Faransancin tasha.

Akwai abin da nake ɓoye musu da gangan a siziyam. A gidan abinci a Landan mutum na iya cewa "two coffees" ko "two waters", yana nufin kofi biyu ko kwalba biyu, kuma daidai ne. Wannan sai sun kai aji na uku, lokacin da "how much water" ta riga ta zauna musu a baki, sannan nake fito da shi.