Yadda Ake Cire Alamomin Tsari Marasa Amfani Kafin a Buga Rubutun Makafi

Mun shirya wannan bayani ne domin malaman makarantun masu buƙata ta musamman, da jami'an shirya jarrabawa, da duk wanda aka ɗora wa alhakin buga takardu ga 'yan'uwanmu makafi.

Kamar yadda aka sani, Louis Braille ɗan ƙasar Faransa ne ya ƙirƙiro rubutun makafi a shekarar 1824, inda ake gina kowane harafi a cikin gurbi ɗaya mai ɗigo shida. A yau kuwa kwamfuta ce ke yin mafi yawan aikin juya rubutun masu gani zuwa wannan rubutu, kuma ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi shahara ita ce Duxbury, ta wani kamfani da aka kafa a Amurka a shekarar 1975.

Ina matsalar take?

Idan mai buga takarda yana aiki a manhajar Word, yakan danna maɓallin Enter sau da yawa domin ya bar fili, ko ya kaurara wasu kalmomi domin ado. Duk waɗannan suna biyo takardar zuwa cikin Duxbury a matsayin ɓoyayyun alamomin umarni. Mai gani yana tsallake fili da ido ba tare da ya lura ba, amma mai karatu da yatsa sai ya bi kowane layi. Shafin rubutun makafi da aka saba amfani da shi layi 25 ne kawai, kowane layi gurbi 40, don haka fili ba abin wasa ba ne. Bugu da ƙari, layin da babu komai a cikinsa yana shaida wa makaho cewa an shiga sabon sashe. Idan aka yanke tambayar jarrabawa a tsakiya aka kai sauranta wani shafi, ɗalibi zai iya ɗauka ta ƙare, ya amsa rabi, ya rasa maki ba da laifinsa ba.

Matakan da za a bi

1. A adana kwafin takardar ta asali kafin a taɓa komai.

2. A buɗe takardar a Duxbury, a danna Alt da F3 tare. Nan take ɓoyayyun alamomin za su bayyana.

3. A gane su tukuna. Alamar [<] tana tilasta sabon layi, [sk1] tana tsallake layi ɗaya, [pg] tana buɗe sabon shafi. Alamar [fts~b] ita ce mafarin rubutu mai kauri, [fte~b] kuma ƙarshensa.

4. Idan alamar ɗaya ce ko biyu, a goge ta kamar yadda ake goge harafi. Idan ta cika takardar, a danna F6 domin nema da musanyawa. A shigar da alamar ta hanyar danna Ctrl da [ tare, domin idan aka rubuta ta da hannu manhajar za ta ɗauke ta a matsayin rubutu ne kurum. Sai a bar gurbin musanyawa babu komai.

5. Bayan an kammala, a danna Ctrl da T domin juya takardar, sannan a duba yadda shafukan suka zauna kafin a aika ga na'urar bugawa.

Gargaɗi

Ba kowace alama ce ake cirewa ba. Alamar [lea] tana nuna lambar shafin littafin masu gani, kuma da ita ɗalibi makaho yake gano wurin idan malami ya ce a buɗe shafi kaza. Haka nan alamomin da suke tafiya bibbiyu, wato mabuɗi da marufi, tare ake cire su. Idan aka goge marufin aka bar mabuɗin, umarnin zai ci gaba da aiki a kan rubutun da ba a nufa ba.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Muna shawartar masu buga takardu da su yi amfani da tsararrun salon kanu da sakin layi da ke cikin Word tun farko, maimakon cika takarda da Enter. Har ila yau, kada a raba takardar jarrabawa sai wani ƙwararren mai karanta rubutun makafi ya bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe.

Daga ƙarshe, muna tunatar da jama'a cewa dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairu na 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin neman ilimi kamar kowa. Takarda mai tsabta tana daga cikin wannan haƙƙi.