In Aka Yi Ƙuri'ar Mawaƙa A Jega, Ina Za A Sa Gambu?

A ƙasashen Turawa akwai wata al'ada wadda muke so mu bayyana wa masu karatu, tun ba malaman makaranta da akawuna ba, waɗanda lissafi ya zama musu abincin yau da kullum. In shekara ta zo ƙarshe, sai jarida ta aika wa masanan kiɗa da waƙa, ta ce kowa ya rubuto fayafayan da suka fi ƙayatar da shi a shekarar. Sa'an nan a tara amsoshinsu, a fitar da gwani.

Wadda ta yi suna ƙwarai ita ce ta jaridar Village Voice ta Amurka, wadda Robert Christgau ya soma a 1971. Daga 1974 aka riƙa yinta kowace shekara, har zuwa ta 2018. Ga ƙa'idarta: kowane mai zaɓe ana ba shi maki 100 ya raba wa fayafai 10, kada ya ba ɗaya fiye da 30, kada kuma ya kasa 5. Shi Christgau kansa yakan buga nasa jerin dabam, sau da yawa kuwa zaɓinsa da na taron ba su zo ɗaya ba.

To, akawu ya ɗauki alƙalami. Faifan da mutum 3 suka mutu a kansa, kowa ya ba shi 30, ya tashi da 90. Wanda mutum 20 suka ce ba laifi, kowa ya jefa masa 5, ya tashi da 100. Watau abin da ba wanda ya ƙi yakan kayar da abin da kaɗan suke so da gaske.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana shi ne, mun auna yadda za ta kasance in aka tara malaman Jega da Aliero da Maiyama aka ce su zaɓi mawaƙan Hausa goma. Ba sai an faɗa ba, Narambaɗa zai shiga, Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo za su shiga. Mamman Shata kuwa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ba mai barinsa a baya. Waɗannan sunaye ne da mutum zai rubuta ya sa hannu, ko gaban surukinsa.

Amma ina za a sa Muhammadu Gambu? Shi ɗan gida ne, mutumin Fagada ta ƙasar Maiyama, ya rasu a 2016. Sana'ar da aka san shi da ita waƙar ɓarayi ce, shi ya sa lamarinsa ke da wuyar sha'ani. Ba mu yabon sata, Allah Ya kiyaye. Duk da haka wanda ya san Hausa ya san mutumin nan ya iya sarrafa harshe: ga habaici, ga ba'a, ga labari mai kama hankali, har malaman jami'a sun zauna sun yi nazarin waƙoƙinsa. Mu dai a ganinmu, da yawa daga masu zaɓen nan za su iya kawo baitocinsa da ka, amma hannunsu zai yi nauyi wajen rubuta sunansa. Ba kunne ne zai hana ba, kunya ce.

Mun taɓa samun abin da ya yi kusa da ƙuri'a, watau shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, gidan da aka buɗe a 1962. Sai dai a can ma ana karanta sunan mai wasiƙa da na garinsu da na waɗanda ya gaisar. Wane malami ne zai so Arewa duka ta ji ya roƙi waƙar ɓarayi, ɗalibansa na saurare?

Saboda haka in wata ƙungiyar malamai a Jega ta yi niyyar gwada wannan a ƙarshen shekara, shawararmu ita ce a aje akwati biyu. Na farko kowa ya sa suna a takardarsa, na biyu kada a sa. A ƙidaya kowanne dabam, a aiko mana da duka biyun, mu kuwa za mu buga su gefe da gefe.