Tsumma da Ruwan Omo: Yadda Muke Cinye Fentin A-kori-kura da Hannunmu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan ka bi unguwa ko bakin tasha da hantsi, abu ɗaya za ka riƙa gani: yaron mota riƙe da tsohuwar singileti, ya kaɗe ƙurar da ta kwana a kan bonet, sannan ya danna hannu yana murzawa har wajen ya ɗauki ƙyalli. Maigida ya fito ya yi masa sannu da aiki. Su biyun duk ba su san an yi wa fentin nan ɓarnar da wanki ba ya gyarawa ba.

Ƙurar hunturu ba gari ba ce, ko da yake a hannu laushi gare ta. Mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda wani makeken tafki ya ƙafe tun zamanin da, iska ta kwaso ta ta haɗa da rairayin hanya ta sauke mana. A cikinta akwai ɓarɓashin dutsen ma'adini irin na yashi, wanda ya fi gilashi tauri, balle fenti. Idan ka ɗora busasshen tsumma a kai ka murza, samfefa ka sa wa motarka, ba wani abu ba.

Fentin kuma ba shi da kaurin da mutane ke zato. A motocin zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe ya hana tsatsa, sai mai launi, sai wani garai-garai a sama wanda shi ne ke ƙyalli kuma yake tare zafin rana. Wannan na saman yawanci bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, kusan rabin kaurin takardar rubutu ke nan. Shi ake kankarewa kullum da safe. Wanda ke son gani da idonsa ya tsayar da motar a rana tsaka, ya sunkuya ya dubi bonet ko ƙofa daidai inda hasken rana ya faɗo. Zai ga siraran layuka a zagaye, ɗaruruwa, sun kewaye hasken. A baƙar mota ko shuɗiya abin ya fi fitowa. Farar Hilux tana ɓoye su, amma suna nan. Tsofaffin a-kori-kura irin Peugeot 404 da 504 da aka riƙa harhaɗawa a Najeriya, su fentinsu ba shi da wannan hawa na sama, shi ya sa idan ya tsufa ka shafa sai launin ya biyo tafin hannunka.

Don haka doka ta farko ita ce kada komai ya taɓa jikin mota sai ruwa ya riga shi. Idan babu ruwa, ko mai garuwa bai zo ba, a watsa ɗan kaɗan a gilashi don gani, a bar sauran da ƙurarsa. Mota mai ƙura ba abin kunya ba ce a watan Janairu, kowa haka tasa take.

In an tashi wanki, a fara kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa har yashin ya sauka da kansa. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Duk lokacin da aka wanke ƙofa ɗaya, a ɗauraye soson a na ruwa zalla kafin a mayar da shi cikin kumfa. Bayan an gama, leƙa gindin bokiti na biyun: yashin da za ka tarar a kwance, da bokiti ɗaya ne, a jikin motar zai ƙare. A bi daga sama zuwa ƙasa, domin ƙasan ƙofofi ne matattarar datti, kuma tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi. Tawul mai laushi irin na maikirofaiba yanzu ya wadata a shagunan kayan mota, ya fi singileti nesa ba kusa ba.

Sai maganar omo. An yi garin sabulun wanki ne don ya cire maiƙo daga tufafi, kuma yana aikinsa sosai. A jikin mota yakan wanke duk wani kaki da aka shafa don kariya, ya busar da robobin gefen gilashi, ya sa baƙar robar bamba ta koma fari-fari. Garin da bai gama narkewa ba kuma shi ma karce yake yi. Sabulun ruwa na mota marufi ɗaya ko biyu ake zubawa a bokiti, kwalba ɗaya tana daɗewa. A ganina wanda ya iya zuba man dizil a Hilux bai da hujjar cewa wannan ya fi ƙarfinsa.

Lokacin wanki ma abin lura ne. A watan Afrilu, jikin mota mai duhun launi da ta yini a rana yana iya haura digiri 70. Ruwa na sauka yake bushewa, ya bar gishirin da ke cikinsa, musamman ruwan rijiyar burtsatse, sai ka ga ɗigo-ɗigon fari da ba ya fita. A yi wanki a inuwa, da sassafe ko bayan la'asar, a kuma tsane ruwan da tawul. Amma inuwar ma a zaɓa. Gindin darbejiya da mangwaro akwai daɗin fakin, sai dai ƙaro na ɗiga, tsuntsaye da jemagu na kashi. Kashin tsuntsu yana da asid, idan rana ta gasa shi a kan fenti yakan bar tambari ko bayan an wanke. Kada a kankare shi da farce. A ɗora jiƙaƙƙen tsumma na 'yan mintuna ya yi laushi, a ɗauke.

Duk wannan ya shafi kowace mota. Abin da ya keɓanta da a-kori-kura shi ne bayanta, kuma nan ne aka fi sakaci, don ana ganin ai wajen kaya ne. Motar da ta kwaso hatsi daga Dawanau ba ta da matsala, shara ta isa. Amma takin zamani wani abu ne daban. Yuriya da NPK suna jan laima daga iska, ƙwayoyin da suka zube daga buhu su maƙale a lungu su narke, kuma ruwan gishirin nan yana cin ƙarfe da sauri duk inda fenti ya ɗaye. Haka gishiri da kanwa. Haka fitsarin awaki da tumakin da aka kai kasuwar Wudil ko Maigatari. Siminti kuwa idan ya sha ruwa yana ƙona fenti, in ya bushe ya kama sai da ƙarfi. Duk ranar da aka ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan, a share busasshen tukuna, sannan a kwarara ruwa a ranar, ba gobe ba. A shimfiɗa tampol ko tabarmar roba kafin lodi.

Masu baƙar robar nan da ake kwantarwa a cikin bodi su ma kada su saki jiki. Yashi da ruwa na shiga ƙarƙashinta, tana motsi tana goge fentin, tsatsa na ci a ɓoye. A riƙa ɗaga ta lokaci-lokaci ana dubawa. Akwai kuma ƙananan ramuka a ƙasan ƙofofi da cikin bodi da aka yi don ruwa ya fita. In laka ta toshe su, a zokale da tsinke. Da damina, bayan an bi hanyar ƙauye, a sa mai wanki ya fesa ƙarƙashin mota da cikin mazaunin taya da jikin shasi, domin jar laka na riƙe danshi kwana da kwanaki. Sai dai ya ja baya da bakin injin feshin daga boris da wayoyin lantarki, don ƙarfin ruwan na iya kutsawa ya wanke giris.

Yanzu wili. Ka lura na gaba sun fi na baya yin baƙi? Yawancin a-kori-kura birkin faifai ne a gaba, na ganga a baya, kuma wannan baƙin ɓarɓashin ƙarfe ne mai zafi da ke fita duk lokacin da aka taka birki. Yana mannewa a wilin alminiyam, in ya daɗe ya huda shi. A ware wa wili bokitinsa da buroshinsa, soson da ya taɓa shi kada ya je jikin mota. Kada kuma a watsa ruwan sanyi a birkin da ya sha doguwar tafiya, a bari ya huce. Wanda ya ji sitiyari na rawa bayan ya fito daga taɓo, kafin ya je wajen bakanike ya leƙa cikin wili. Sau da yawa curin busasshiyar laka ne a gefe ɗaya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne asid. Wasu masu wanki, don su burge, sukan tsarma ruwan batir su wanke wili, ko su yi amfani da wani ruwa marar suna a jarka. Nan take wilin zai yi fes, bayan 'yan watanni ya yi dabbare-dabbare, notina su yi tsatsa. Wasu magungunan wanke wili masu ƙarfi suna ɗauke da asid ɗin haidirofulorik, wanda ke ratsa fata ya shiga nama, kuma zafinsa ba lallai ya zo nan take ba, sai bayan sa'o'i. Yaran da ke wannan aiki hannu tsirara suke yi. Wanda asid ɗin ya zubo wa a jiki ya wanke da ruwa mai yawa, ya tafi asibiti ko bai ji komai ba. Mai mota kuma yana da bakin magana: "Malam, ruwa da sabulu kawai, ban da na jarkar nan."

Baƙin mai ko dizil da ake shafa wa taya don ta yi sheƙi shi ma a daina. Man fetur da danginsa suna lalata roba, suna kama ƙura, kuma in ya kai ga birki ko ƙasan taya, magana ta wuce ta kwalliya. Tun da an sunkuya wajen, a duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta.

Kariya ba ta da wuya. Kakin goge mota, a shafa siriri bayan wanki, a bari ya ɗan bushe a goge, duk wata biyu ko uku, musamman gab da hunturu da gab da damina. Alamar yana nan ita ce ruwa ya riƙa dunƙulewa yana gangarewa. Akwai kuma shafin siramik da ake tallatawa a manyan birane. Mai kyau yana daɗewa kuma yana sauƙaƙa wanki, amma duk wanda ya ce maka yana hana karcewa ciniki yake nema. Rigar mota kuwa a kan wankakkiyar mota ake sa ta, in ba haka ba iska na kaɗa ta tana murza ƙurar.

A yi hattara da injin goge fenti. Ƙyallin da yake fitarwa ba ƙari ba ne, ragi ne: yana aske saman fentin har ya daidaita da zurfin karcen. Sau ɗaya ko biyu a hannun gwani babu laifi, amma mai kai mota duk sallah wata rana zai ga saman ya fara ɓarewa a rufi da bonet, kuma daga nan sai sabon fenti. Idan ma an yi sabon, a tambayi mai fentin yaushe za a fara shafa kaki, domin yawanci sai an jira wata ɗaya zuwa uku kafin ya gama ƙanƙamewa.