Yadda Mutanen Unguwa Za Su Kai Kukansu ga Hukuma

  Hirarmu ta yau ta shafi unguwa: hanyar da ke ƙofar gidanmu, kwatar da ke bayan katangarmu, jujin da ke kusa da fanfo, da yaranmu masu ƙetare gudron safe da marece za su lakwal.

Kowa ya san irin hirar da ake yi bayan la'asar a ƙofar gida. Wani ya ce motoci sun cika gudu. Wani ya ce kwata ta toshe tun bara. Wani ya ce fitilar mahaɗa ta mutu, mata na tsoron fita da dare. Kowa ya ce gaskiya ne. In an kira magariba a kakkaɓe tabarma a watse, gobe kuma a sake. To, maganar da ta tsaya bisa tabarma ba ta yashe kwata. Hukuma ba ta kwana unguwarku, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake mishi yoyo. Don haka yau za mu duba abu huɗu: me ya sa ba a jira, wa ke da alhakin gyara, yaya ake kai kuka, kuma mene ne namu rabon aikin.

Me ya sa ba a jira

Mu fara da gudu. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin mita 14 kowace daƙiƙa. In yaro ya faɗo hanya, kafin direba ya gan shi, ya taka birki, motar ta tsaya, ta ci kamar mita 28. In kuwa gudun kilomita 30 take yi, mita 13 ya ishe ta tsayawa. Ke nan yaron da ya fito mita 20 gaban mota, mai gudun 30 zai tsaya bai taɓa shi ba, mai gudun 50 zai buge shi. Abin da ya sa ake neman rage gudu gaban lakwal da kasuwa da likita ke nan. Wannan lissafi ya shafi ƴan kabu-kabu kamar yadda ya shafi masu manyan motoci.

Sai ruwa. Ruwan sama in ya kwanta cikin rami ko sawun taya, sauro mai kawo masassara yana zuba ƙwai ciki, cikin kamar kwana 10 ƙwan ya zama sauro mai cizo. Kwatar da ta toshe kuwa, ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ta juyo da shi cikin gidaje, ya ci gindin katangar ƙasa. Ba mu manta damanar 2024 ba. Cikin ƙasarmu mutum fiye da 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka yi hasara. A Maraɗi, ƙarshen watan Agusta, ruwan rana guda ya kashe mutum 15. A Damagaram, farkon watan Satumba, tsohon masallacin ƙasa na Birni ya rushe. Har buɗe lakwal sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba. Ruwan sama ba mai hana shi zuba. Amma inda hanyarsa take buɗe, ɓarnarsa tana raguwa. Yasar kwata aikin rani ne, watan Afrilu da Mayu. Wanda ya jira hadari ya taso ya makara.

Wace ƙofa za a buga

Kuka da yawa yana ɓata don an kai shi inda ba nan ba ne. Mu rarrabe.

Ƙofa ta farko mai unguwa. A karkara, mai gari. Shi ne tsani tsakanin talakawa da hukuma, kuma doka ta san da shi. Takardar da ta bi ta hannunsa ta fi nauyi bisa wadda ta zagaye shi.

Ƙofa ta biyu ma'aikatar magajin gari, wadda muke ce ma meri. A shekarar 2004 aka yi zaɓen farko na ƴan majalisar garuruwa cikin ƙasa duka. A 2010 aka kafa dokar da ta tsara aikinsu, aka kuma raba manyan birane huɗu gunduma gunduma: Yamai 5, Damagaram 5, Maraɗi 3, Tawa 2. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun, suka naɗa kantomomi su riƙe garuruwa. Amma ko zaɓaɓɓen magajin gari ne bisa kujera ko kantoma, aikin meri bai sake ba: hanyoyin cikin gari, magudanan ruwa, kwasar shara, fitilun hanya, kasuwanni, tashoshin mota, bisashe masu yawo, da izinin gini. Mutumin babban birni ya fara da merin gundumarsa.

Ƙofa ta uku ta babbar hanya ce. Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta bi Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Tasawa har Damagaram da gabas, ta ratsa tsakiyar garuruwa da yawa. Irin wannan hanya ta gwamnatin ƙasa ce, ma'aikatar ayyuka ke kula da ita. Meri ba ta da ikon taɓa ta ita kaɗai, amma ita za ta kai maganarku gaban perefe ko gwamna. Akwai kuma hukumar kiyaye haɗarin hanya, ANISER.

Ƙofa ta huɗu, ƴan sanda a birni, jandarma a karkara. Nasu ne tuƙin ganganci, da sata, da lungun da ɓata-gari suka mai da wurin zama. In abin gaggawa ne, lambar ƴan sanda 17, ta ƴan kwana-kwana 18.

Ƙofa ta biyar, kamfanonin wuta da ruwa. Wayar lantarki in ta tsinke ko ta yi ƙasa, NIGELEC ake gaya ma nan take, kuma kada kowa ya taɓa ta. Bututun ruwa in ya fashe a hanya, kamfanin ruwa NDE ake nema, wanda ya karɓi aikin SEEN a farkon 2024.

Yadda ake kai kuka

Na ɗaya, a taru. Mai unguwa ya kira taro, a sa lokacin da mata za su iya zuwa. Su ke zubar da ruwan wanki, su ke raka yara, su ke jinyar mai masassara, sun fi kowa sanin inda ciwon yake. A kira matasa, da liman, da mushen lakwal, da shugaban ƴan kabu-kabu. Wanda aka yi shawara da shi ba ya warware ta.

Na biyu, a zaɓi magana ɗaya ko biyu. In kuka kai koke 10 rana guda, za a ce an ji, ba za a yi ko ɗaya ba. Ku fara da wanda ya fi kusa da cin rai.

Na uku, a ƙidaya. "Motoci na gudu" magana ce da kowa ke faɗi. Ku sa matasa biyu su zauna bakin hanya kwana 3, daga ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 8 na safe, su rubuta yara nawa suka ƙetare, manyan motoci nawa suka wuce. Ku auna tsawon kwatar da ta toshe da taki, ku ƙirga gidajen da ruwa ya shiga bara. Mai salula ya ɗauki hoto. Ma'aikaci yana iya musun jita-jita, ba ya iya musun lissafi.

Na huɗu, a rubuta. Wanda ya yi karatun manya ya isa ya rubuta da Hausa. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. In biro ya nemi faransanci, a sami mai juyawa, a haɗa takardun biyu. Takardar ta zama gajera, kamar haka:

"Zuwa ga shugaban ma'aikatar magajin gari. Gaisuwa da ladabi. Mu mazauna unguwa kaza muna sanar da kai kwatar da ta taso daga bakin kasuwa zuwa masallaci ta toshe, tsawon taki kaza. Bara ruwa ya shiga gida kaza. Mu mun shirya za mu yashe ta ranar kaza da hannunmu. Muna roƙon a ba mu mota ta kwashe abin da muka fitar ran nan, kuma a aiko ma'aikaci ya duba inda ta karye. Mun gode."

A sa kwanan wata, mai unguwa ya sa hannu, magidanta su sa hannu ko su dangwala yatsa. A yi ta biyu. A ba da ɗaya a biron karɓar wasiƙu, a sa su buga hatimi da kwanan wata bisa ɗayar, ku dawo da ita ku ajiye. Ita ce shaidarku ran da aka ce ba a gani ba.

Na biyar, a aika wakilai. Mutum 4 ko 5 sun isa, cikinsu har da mace da matashi. Mutum ɗaya ya yi magana, sauran su cika mishi. Ban da zagi, ban da maganar siyasa, ban da kama sunan maƙwabci. Kafin ku tashi ku tambayi abu uku: wa aka ɗora ma aikin, yaushe zai zo ya gani, yaushe za mu dawo. Ku rubuta amsar.

Na shida, a koma. In ranar ta yi ba a ga kowa ba, ku koma da takardarku mai hatimi. In kun koma sau biyu sau uku shiru, ku rubuta ma perefe ko gwamna, ku haɗa da kwafin ta farko. Wakilai kuma, duk abin da aka ce musu, mai daɗi ko maras daɗi, su dawo su faɗa ma unguwa. Wakilin da ya yi shiru, zargi ke bin sa.

In aka ce ba kuɗi

Sau da yawa gaskiya ne. To, ku raba buƙatarku kashi uku. Akwai abin da ba ya cin kuɗi: a tsayar da ɗan sanda gaban lakwal lokacin shiga da tashi, a hana manyan motoci kwana bakin mahaɗa, a matsar da teburan da suka cinye hanyar masu tafiya ƙasa. Akwai mai cin kuɗi kaɗan: allon rage gudu, fentin wurin ƙetarawa, gyaran fitila, motar kwasar shara sau ɗaya a sati. Akwai mai cin kuɗi da yawa: gina sabuwar magudana, shimfiɗa dutse a hanya.

Kashi na farko ku neme shi yanzu. Na uku kuwa sai ya shiga kasafin kuɗi. Shekarar kuɗi ta meri tana farawa watan Janairu, ana tsara kasafin cikin watannin ƙarshen shekara. Ke nan wanda ya kai babbar buƙata da kaka ya zo kan lokaci, wanda ya kai ta tsakiyar damana sai ya jira baɗi. Garuruwa kuma suna da tsarin raya gari na shekaru. Ku tambaya ko aikinku yana ciki. In ba ya ciki, ku nemi a sa shi.

Namu rabon aikin

Dattawa suna tuna zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da samariya ke fita da kiɗa ana sharar gari, ana gina ajin lakwal. Zamani ya sake, amma hannu ɗaya har yau ba ya ɗaukar jinka. Mutanen da suka je meri suka ce "mun yi rabi, ku cika mana" sun fi samun kunne bisa waɗanda suka je hannu sake.

Mu biya lanho da kuɗin kasuwa, mu karɓi takardar shaidar biya. Da wannan kuɗi ake sayen man motar shara, kuma wanda ya biya shi ke da bakin tambayar inda kuɗin ya shiga. Mu daina zuba shara da toka cikin kwata. Leda ita ce babbar mai toshe ta, ita ce kuma ke kashe awaki in sun haɗiye. Tun 2014 doka ta hana yi da shigowa da sayar da leda maras kauri, amma doka ba ta bin mutum har ƙofar gida, sai shi ya hana kansa. Kada mu yi gini bisa hanyar ruwa. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

Abu biyu kuma mu kiyaye. Kada unguwa ta tashi da dare ta gina tudun rage gudu da kanta. Tudun da ba shi da awo, ba fenti, ba allo, yana kada mai babur cikin duhu, yana jijjiga majinyaci cikin motar likita. A nemi izini, ma'aikaci ya auna. Kuma ran da tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada a tare hanya, kada a ƙona taya, kada a taɓa direba. A kai wanda ya ji ciwo likita, a rubuta lambar mota, a kira hukuma. Fushin rana ɗaya yana rufe ƙofar da aka yi wata shida ana bugawa.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna inda kuka taru kuna saurare. Wace matsala ce ta fi kusa da cin rai a unguwarku? Wace ƙofa ce tata cikin biyar da muka lissafa? Wane rabo na aikin za ku iya yi da hannunku kafin damana?

In kun amsa, ku sa ranar taro tun yau, ku zaɓi mai rubutu. Nan muka kawo ƙarshen hirarmu. Allah ya kiyaye mana yaranmu bisa hanya, ya ba mu damana mai albarka. Sai mun sake saduwa, mu kwana lafiya.