Ɗanyar gyaɗa ba ta soya ƙosai

Kowace mai ƙuli-ƙuli a Gumel ta san akwai mai a cikin gyaɗa, amma ba wadda ta taɓa watsa ɗanyar gyaɗa a kasko ta ce za ta soya ƙosai. Sai an soya ta, an murje, an fece, an kai niƙa, an yi ta juya ƙullin ana yayyafa ruwan zafi har hannu ya gaji, sannan mai ya tsatso ya bar tunkuza. Haka tsakanin ganye da maganin ciwon daji yake.

Maganin yana cikin itace, wannan gaskiya ce. Wasu masana biyu a Kanada, Robert Noble da Charles Beer, suna binciken wata fulawa 'yar asalin Madagaska da ake sha don ciwon suga, sai suka ga tana karya fararen ƙwayoyin jinin ɓeraye. Daga nan aka samo vinblastine a 1958, sannan vincristine, wanda Amurka ta amince da shi a 1963, har gobe kuma da shi ake yaƙar sankarar jini ta yara. Sai dai ɗaruruwan kilo na busasshen ganye ake tatsa kafin a sami giram ɗaya. Taxol kuwa, da ake bai wa masu dajin mama, an ɗebo ɓawon itacensa a 1962, bai sami izinin shiga asibiti ba sai 1992.

Mu ma dajinmu bai rasa abin tatsa ba. Sabara, wadda ta cika gonakin Gagarawa da Sule Tankarkar, masu jego ke wanka da ita, an ciro wani sinadari daga ganyenta mai suna guieranone A, kuma wani bincike na 2012 ya nuna yana kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji. A ɗakin gwaji fa, cikin ɗan faranti. Jikin mutum kuwa akwai hanta da ƙoda da ɓargo, kuma abin da ya kashe ƙwayar cuta yana iya haɗawa da su. A nan ma lamarin ya fi na gyaɗa tsanani, don mai in ya yi yawa a miya sai dai ya gundure ka, vincristine kuwa in ya zarce awo jijiyoyi yake lalatawa. Shi ya sa likita ke auna tsawon mara lafiya da nauyinsa kafin ya ɗura masa.

Abin da ke damuna shi ne mai lasifikar da ke baza sassaƙe ran Alhamis a kasuwar Maigatari, yana sayar da gyaɗa da sunan mai. Ga kuma tsohuwar maganar nan ta cewa daji ba ya son allura. Mace ta ji ƙullutu a mama, a yi ta jiƙo da shafe-shafe, ba za a nufi Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika ba sai wuri ya fashe, alhali allurar da ake gudu ita ma daga ganye aka tatso ta.

Sabara tana jiran nata aikin: gwaji a dabbobi, gano awon da jiki zai ɗauka, sannan gwaji a kan mutane da yardarsu. Masu haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar NIPRD ta Abuja sun iya tatsa. Matakan da ke biye ne ke cin shekaru da kuɗi masu yawa.