Bambancin == da === a JavaScript: Alama Ɗaya Da Ke Iya Ɓata Maka Manhaja

Duk wanda ya fara koyon JavaScript zai ci karo da alamomi biyu masu kama da juna: == da kuma ===. Da yawa suna ɗauka aikinsu ɗaya ne. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da wata ƙaramar manhajar lissafin kayan shago da na rubuta ta riƙa cewa kaya sun ƙare alhali suna nan jibge.

Ga abin da ya faru. Na rubuta if (adadi == 0) domin manhajar ta sanar idan kaya sun ƙare. Sai yaron shago ya riƙa barin gurbin adadin babu komai idan bai gama ƙirga kaya ba. A wurin ==, gurbin da babu komai da sifili duk abu ɗaya ne. Mai shago ya kusa sake saro kayan da yake da su.

Me ya sa haka?

Kowane bayani a JavaScript yana da nau'insa. Akwai lamba, kamar 5. Akwai rubutu, kamar "5" a cikin alamar zance. A ido iri ɗaya ne, amma a wurin kwamfuta sun bambanta.

Idan ka yi amfani da == kuma nau'in bai zo ɗaya ba, JavaScript zai fara juya ɗaya zuwa nau'in ɗayan, sannan ya gwada. Shi kuwa === ba ya juya komai. Idan nau'i ya bambanta, amsarsa false ce kai tsaye. Duba waɗannan:

5 == "5" yana ba da true
5 === "5" yana ba da false
0 == "" yana ba da true
0 == "0" yana ba da true
"" == "0" yana ba da false

Ka lura da ukun ƙarshe. Sifili ya yi daidai da "", ya kuma yi daidai da "0", amma su biyun ba su yi daidai da juna ba, domin dukansu rubutu ne, babu abin da aka juya. Irin wannan ruɗani ne ke jawo kuskuren da za ka kwana kana nema. Ka kuma tuna cewa abin da mutum ya shigar a gurbin fom yana zuwa ne a matsayin rubutu, ko da lamba ya danna.

Asalin lamarin

Brendan Eich ne ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape a 1995. Daga baya aka ƙaro ===, ya kuma shiga ƙa'idar ECMAScript ta uku a 1999. Ba a cire == ba, saboda cire shi zai lalata tsofaffin shafukan intanet da suka dogara da shi.

Matsalar ta shafi tsaro ma. A yaren PHP, "0e123" == "0e456" yana ba da true, domin ana ɗaukar su duka a matsayin sifili a rubutun lissafin kimiyya. Idan da == aka gwada lambobin sirri da aka sarrafa, ɓarawo zai iya shiga da kalmar da ba ita ba ce.

To wanne za ka yi amfani da shi?

Ka riƙe === da abokinsa !== a kusan ko'ina. Idan lamba kake buƙata, ka juya da kanka da Number(), amma ka fara tabbatar da cewa gurbin ba fanko ba ne, domin Number("") ma sifili yake bayarwa. Wuri ɗaya da ƙwararru ke barin == shi ne x == null, saboda yana kama null da undefined a lokaci guda. Kada kuma ka manta, = guda ɗaya ba gwaji yake yi ba, saka ƙima yake yi.

Ba sai kana da kwamfuta ba. Idan wayarka Android ce, ka sauke Termux, ka rubuta pkg install nodejs, sannan node, ka gwada misalan nan ɗaya bayan ɗaya. Gani ya kori ji. Sai mun haɗu a darasi na gaba.